Dubai zuwa Guangzhou: yadda za ka lissafa nisan tafiya da awannin jirgi da kanka

Tambayar awa nawa ake yi a jirgi tsakanin Dubai da Guangzhou ta yi yawa musamman in lokacin Canton Fair, babban baje kolin kayan kasuwanci na Guangzhou, ya matso, wani ya ce ejan dinsa ya gaya masa awa bakwai ne, wani ya ce shi a tikitinsa awa sha ɗaya da rabi ya gani, wani kuma da ya dawo ya rantse awa huɗu kawai aka rubuta masa. Duk ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, agogo ne yake raina wa mutane hankali. Nisan da ke tsakanin garuruwan biyu ba ya canzawa, amma lokacin tafiyar sai ka zauna ka lissafa. To ga yadda ake yi, mataki-mataki, kuma in ka iya wannan za ka iya yi wa kowane gari biyu, ko Jidda zuwa Jakarta ne ko Doha zuwa Delhi.

Kayan aiki ba wasu masu yawa ba ne: waya mai data, biro da takarda, da tikitinka ko jadawalin da ejan ya turo maka. Duk shafukan da zan ambata kyauta ne, data kawai za ka ƙona.

1. Fara da lambar filin jirgi, ba sunan gari ba

Kowane filin jirgi yana da haruffa uku da ake gane shi da su. Babban filin Dubai shi ne DXB. Na Guangzhou, wato Baiyun, shi ne CAN. Waɗannan biyun za ka rubuta a saman takardarka.

Gargaɗi: Dubai filin jirginta biyu ne. Akwai DWC, wato Al Maktoum, can kudu wajen Jebel Ali, yana da nisa sosai da Deira inda yawancin mutanenmu ke sauka. Sannan ga Sharjah, SHJ, wadda wasu shafukan sayar da tikiti suke cusa ta cikin sakamakon Dubai saboda kusa suke. A ɓangaren Chaina ma haka, za ka nemi Guangzhou a nuno maka tikiti mai araha, ka duba da kyau sai ka ga SZX ne, Shenzhen, ko HKG, Hong Kong. Nisan sama kusan ɗaya ne amma in ka sauka akwai wata tafiyar ta ƙasa a gabanka, na Hong Kong ɗin ma har da tsallake boda da maganar takardu daban.

2. Nemo nisan

Buɗe shafin Great Circle Mapper, a akwatin da ke sama ka rubuta DXB-CAN ka danna. Zai zana maka layi a taswira ya ba ka lamba. Abin da za ka gani kusan kilomita 5,830 ne. In ka fi sabawa da Google Maps, a kwamfuta ka danna dama a kan filin jirgin Dubai, ka zaɓi auna nisa, ka je ka danna kan Baiyun, lambar da za ta fito ba za ta yi nesa da wannan ba.

Gargaɗi: ka lura da ma'aunin. Wasu shafukan da mil suke nunawa, sai ka ga 3,620 ka ɗauka tafiyar ta ragu. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Matuƙa jirgi kuma da mil na teku suke aiki, wanda yake kilomita 1.852, a nasu lissafin hanyar kusan 3,150 ce. Lamba uku, hanya ɗaya. Ka tsaya a kilomita kawai kar ka rikita kanka.

Abu na biyu, wannan lambar ita ce hanya mafi gajarta a bayan ƙasa, ba ita ce jirgi yake bi sak ba. Jirgi yana da hanyoyinsa a sama da aka shata masa, daga Dubai zai ratsa ta saman Indiya, ya bi ta wajen Bangaladash da Myanmar, ya shiga kudancin Chaina, yana kauce wa tsaunukan Himalaya da tudun Tibet. In kuma wata ƙasa ta rufe samaniyarta saboda rikici, ko hadari ya tare hanya, sai an zagaya. Don haka in ka ga allon kujera ya nuna sama da 6,000 kar ka ce an yi kuskure.

3. Yi ƙiyasin awanni kafin ka kalli tikiti

Wannan matakin mutane suna tsallake shi, alhali shi ne zai sa ka gane in an rubuta maka shirme. Manyan jiragen da ke wannan hanyar, irin su Boeing 777 da 787 da Airbus A380, suna tafiyar kilomita 850 zuwa 900 a awa in sun daidaita a sama. Ɗauki na ƙasan, 850. Raba 5,830 da 850, zai ba ka awa 6.9, ka ce awa bakwai ba kaɗan. Ƙara minti talatin na hawa da sauka da jan jiki a titin jirgi. Ka samu wajen awa bakwai da rabi. Shi ke nan, duk lambar da ta yi nesa da wannan, ko dai agogo ne bai daidaita ba ko kuma jirgin yana da tsayawa a hanya.

Gargaɗi: wannan ƙiyasin na zuwa ne. Dawowa ta fi tsawo, yawanci awa takwas da wani abu, wani lokacin ta doshi tara. Dalilin iska ce mai ƙarfi can sama inda jirage ke tafiya, tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa Guangzhou tana tura shi ta baya, mai komawa Dubai yana karo da ita. Kamar mai keke ne a lokacin hunturu, wanda iska ke bayansa da wanda yake fuskantarta ba za su iso tare ba. Iskar ta fi ƙarfi daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, shi ya sa a lokacin sanyi tazarar zuwa da dawowa take buɗewa sosai, a tsakiyar shekara kuma ta matse.

4. Mayar da komai kan agogo ɗaya

Nan ne ake faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe a nan.

Dokar tikiti ita ce: lokacin tashi da agogon garin da za a tashi ake rubuta shi, lokacin sauka kuma da agogon garin da za a sauka. Babu kamfanin da yake saɓa wannan. Dubai tana gaban agogon duniya da awa 4, Chaina gaba ɗayanta tana gaba da awa 8 domin duk faɗinta agogo ɗaya take amfani da shi, na Beijing. Najeriya da Nijar suna gaba da awa 1. Kenan Guangzhou ta riga Dubai da awa 4, ta riga Kano ko Maraɗi da awa 7, Dubai kuma ta riga Kano da awa 3. Abin daɗin shi ne babu ɗaya cikin ƙasashen nan da ke canza agogo da rani ko damina irin na Turai, lissafin nan haka yake duk shekara.

Misali, lambobin nan na koyo ne, kai ka sa na tikitinka. A ce an rubuta tashi Dubai 10:30, sauka Guangzhou 22:00. In ka ɗebe kai tsaye za ka samu awa sha ɗaya da rabi, ka fara tunanin yaya za ka yi da bayanka. To cire awa 4 na bambancin agogo. Saura bakwai da rabi, daidai da ƙiyasin da muka yi a mataki na uku.

Dawowa kuma ƙarawa ake yi. An rubuta tashi Guangzhou 00:30, sauka Dubai 04:45. A ido awa huɗu da kwata ne, ƙara 4, awa takwas da kwata kenan za ka yi a zaune.

Hanyar da ba ta ɓata ita ce ka ja layi uku a takarda, ka rubuta Kano, Dubai, Guangzhou a kai, kowane lokaci ka rubuta shi sau uku. A misalin zuwa: tashi 07:30 a Kano, 10:30 a Dubai, 14:30 a Guangzhou. Sauka 15:00 a Kano, 18:00 a Dubai, 22:00 a Guangzhou. Kowane layi ka bi daga sama zuwa ƙasa bakwai da rabi zai ba ka, in wani ya ba ka daban to ka yi kuskure a wani wuri, koma ka duba. Layin Kano ɗin shi za ka tura wa iyali, don kar Hajiya ta zauna har goman dare tana jiran kiran wanda tun la'asar ya sauka. Layin Guangzhou kuma shi za ka tura wa wanda zai tarbe ka.

Gargaɗi na farko: jirgin da ke tashi bayan sha biyun dare. In tikiti ya ce 00:30 ranar 20 ga wata, to ranar 19 da daddare za ka je filin jirgi, wajen tara da rabi. Mutane da yawa sun yi asarar tikiti a kan wannan, mutum ya wuni ranar 20 yana ƙarasa sayayya a kasuwa, ya zo da daddare da kayansa niƙi-niƙi a ce masa ai jirginsa tun jiya ya tafi. Kuma jiragen da ke tashi daga Guangzhou zuwa ƙasashen Larabawa da Afirka da yawansu irin wannan lokacin suke tashi, abu ne da aka saba gani.

Gargaɗi na biyu: ƙaramar alamar +1 a gefen lokacin sauka tana nufin washegari za ka sauka. Otal ɗinka da ranar ganawa da mai kaya duk da wannan ranar za ka tsara su.

Gargaɗi na uku: wayarka. In ta kama sabis tana canza agogo da kanta, in tana yanayin jirgi ba ta canzawa, sai ka rasa agogon wane gari kake kallo. Kafin ka bar gida ka shiga manhajar agogo ka ƙara Dubai da Beijing da Legas su jeru a allo ɗaya.

Wannan lissafin yana taɓa salla ma. Mai tafiya gabas yininsa gajarta yake yi. A misalin nan na tashin 10:30, ba ka daɗe a sama ba azahar ta yi, kana gama cin abincin da aka raba la'asar ta shigo, agogonka na Dubai yana wajen huɗu na yamma za ka ɗaga labulen taga ka ga rana tana faɗuwa, kafin a sauka isha ta yi. Salla huɗu cikin awa bakwai da rabi. Don haka ka shiga da alwala, kuma ka tambayi malaminka hukuncin kasaru da haɗa salla tun kana gida, kar ka dogara da agogon hannu, rana za ka duba ta taga ko taswirar da ke allon kujera. Mai azumi kuma in yamma ya nufa da rana, yininsa tsawo zai ƙara.

5. Duba abin da jirgin ya saba yi a zahiri

Lokacin da ke tikiti daga rufe ƙofa ne a can zuwa tsayawa a bakin ƙofa a nan, har da ɗan rarar da kamfani yake sakawa don kar a ce ya makara. Ainihin zaman sama yakan gaza haka da minti ashirin zuwa arba'in. In kana so ka gani da idonka, ɗauki lambar jirgin daga tikiti, haruffa biyu da lambobi, na Emirates da EK suke farawa, na China Southern da CZ, ka saka a Flightradar24 ko FlightAware. Za su jero maka tafiye-tafiyen kwanakin baya, ƙarfe nawa aka ce zai tashi, ƙarfe nawa ya tashi, awa nawa ya yi, da layin da ya bi a taswira. Ba sai ka biya kuɗin rajista ba, na kyautan ya isa.

Abin da za ka duba ba rana ɗaya ba ce, duba jerin gaba ɗaya. In jirgin kullum sai ya makara da minti arba'in, to ka ɗauka haka zai yi ranar taka.

Gargaɗi: Guangzhou gari ne mai ruwan sama sosai daga Afrilu zuwa Satumba, kuma guguwar teku tana taɓa yankin musamman daga Yuli zuwa Satumba. A irin wannan lokacin jinkiri ba labari ba ne, wani lokacin ma a soke tashi. Kar ka sa ganawa mai muhimmanci a safiyar da ta biyo bayan saukar dare.

6. In akwai tsayawa a hanya, lissafa kowane zango daban

Emirates da China Southern suna zuwa kai tsaye. Sauran tikitin da za ka gani a Google Flights masu rahusa yawanci sai an sauka a wani gari an canza jirgi. A nan kar ka kalli nisa ko kaɗan, jira za ka kalla. Dubai zuwa Doha kusan kilomita 380 ne, Doha zuwa Guangzhou kusan 6,200, jimla wajen 6,580, ƙarin da bai kai kilomita 800 ba. Amma a lokaci fa? Awa ɗaya da 'yan mintuna zuwa Doha, a ce jiran awa uku, sannan wajen awa takwas a jirgi na biyu, ka doshi awa sha biyu. In jiran na awa tara ne ka ga kwana ya tafi.

Lokacin jira shi ne mafi sauƙin lissafi domin sauka da tashin duk agogon gari ɗaya ne, ɗebewa kawai za ka yi. Zangunan ne kowanne da nasa bambancin: Doha tana bayan Dubai da awa 1, tana bayan Guangzhou da awa 5. Bangkok tana bayan Guangzhou da awa 1.

Gargaɗi: Indiya da Sri Lanka agogonsu yana da rabin awa a kai, suna gaban agogon duniya da awa biyar da rabi. In tikitinka ya bi ta can kar ka manta da wannan minti talatin ɗin.

Wani gargaɗin, kuma wannan ya shafi mu da muke tasowa daga gida mu bi ta Dubai. In tikiti ɗaya ne tun daga Najeriya har Guangzhou, kayanka za su wuce da kansu, in jirgin farko ya makara kamfani ne zai nema maka wani. In kuma ejan ya yanka maka tikiti biyu daban-daban don ya fi araha, to a Dubai sai ka fita ka ɗauki jaka ka sake awo, fita kuwa sai da bizar ƙasar, in jirgin farko ya makara na biyun ya tafi ba ruwan kowa da kai. Ka tambaye shi ƙarara: “Alhaji, lambar bukin ɗaya ce ko biyu?” Ni dai a ganina jiran da bai kai awa biyu ba a filin jirgi mai girman DXB kasada ce ga wanda bai san wurin ba, tafiya tsakanin ƙofofi kaɗai tana cin lokaci, ga binciken jaka a tsakiya.

7. Haɗa lissafin daga ƙofa zuwa ƙofa

Awa bakwai da rabi na jirgi ne kawai. Kai abin da ya dame ka shi ne daga ɗakin otal a Dubai zuwa ɗakin otal a Guangzhou. Daga Deira zuwa DXB ba nisa, ka ba shi minti talatin saboda cunkoso. Ka isa awa uku kafin tashi, Emirates daga Taminal 3 suke tashi, suna rufe awon kaya saura awa ɗaya, ƙofar shiga jirgi kuma saura minti ashirin, ba sa jin magiya. Sai awa bakwai da rabi a sama. A Baiyun ka ware awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, akwai ɗaukar hoton yatsu, layin jami'an shige da fice, jiran jaka, kwastan. Daga nan zuwa cikin gari kusan kilomita 30 ne, zuwa Xiaobei ko Sanyuanli inda 'yan Afirka suka fi sauka ka ba shi minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya. In ka tara za ka samu wajen awa sha uku. A misalinmu na saukar 22:00, sai wajen sha biyun dare za ka ga gado.

Gargaɗi: jirgin ƙasa na cikin gari, layi na 3, yana zuwa har filin jirgi kuma shi ne mafi araha, amma ba ya kwana yana aiki. Mai saukar dare ya shirya kuɗin tasi, kuma ya bi layin tasi na hukuma, ya rabu da masu tare mutane a bakin ƙofa. Sannan Google da WhatsApp ba sa aiki a layin intanet na Chaina, saboda haka takardar lissafinka, tikitin dawowa, da adireshin otal da rubutun Sinanci duk ka yi musu sikirinshot tun kana Dubai. Direban tasi ba lallai ya iya karanta adireshi da boko ba.

8. Sa kuɗi a kan awannin

Farashin tikiti yana hawa yana sauka kullum, don haka abin da za ka yi shi ne kwatance a rana ɗaya. Buɗe Google Flights, saka DXB da CAN da ranar tafiya, rubuta kuɗin na kai tsaye da awanninsa, rubuta na mai tsayawa da nasa. Bambancin kuɗin ka raba shi da bambancin awannin, ka ga nawa ake biyanka a kan kowace awa ta zaman jira. Daga nan ka cire abin da za ka ci a filin jirgi, wanda tsadarsa ba a magana, da kuɗin otal in jiran na kwana ne. Sau da yawa rarar ba ta kai wahalar ba. Ka duba kilo nawa aka ba ka na kaya a kowane tikiti, domin ɗan kasuwa a dawowa ne kilo yake masa ciwo, tikiti mai araha da ƙaramin kilo yana iya fin mai tsada cin kuɗi a wurin awo.

Gargaɗi: Canton Fair sau biyu ake yi a shekara a unguwar Pazhou ta Guangzhou, na farko daga 15 ga Afrilu zuwa farkon Mayu, na biyu daga 15 ga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kuma kowanne kashi uku ne, kowane kashi da irin kayan da ake bajewa. Kujeru da ɗakunan otal suna tsada a lokacin, layin shige da fice ma yana ƙara tsawo, sai ka ƙara rabin awa a lissafin mataki na bakwai. Ka tabbatar kashin da kayanka suke ciki kafin ka zaɓi rana. Makon farko na Oktoba hutun ƙasa ne a Chaina, sabuwar shekararsu kuma tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu da shaguna da yawa a rufe suke na makonni, in ranar saukarka ta faɗa ciki gara ka biya kuɗin canjin rana tun kafin ka tashi.